Wanda ya miƙa wa yaro giya shi ya kamata doka ta kama

Jama'a, a maganar giya mun iya tsine wa mashayi, amma mun kawar da kai daga mai sayarwa. Idan mashayin ɗan shekara 14 ne, ni mai sayarwar nake so ya ji a jikinsa.

Ku leƙa tashar mota a garuruwan da ake sayar da ita a fili. Tebur ne da goro da alewa da taba, ga giyar leda an rataye a gefe kamar omo. Karen mota da ko gemu bai fara ba zai ajiye canjinsa, ya ciji bakin ledar, ya tsotse, ya jefa a kwata. Ba wanda ya tambayi shekarunsa. Wani a aljihun kayan makaranta yake sa ta, wallahi abin yana ci mini rai.

Tun 2018 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta yi yarjejeniya da masu sarrafa giya, ta ba su shekara biyar su daina zuba ta a leda da ƙananan kwalabe. A Fabrairun 2024 shugabarta, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta sanar da haramcin, kuma yara ne babbar hujjarta. Kamfanoni suka yi ca, wai ma'aikata za su rasa aiki, aka ɗaga wa'adin zuwa Disambar 2025. Su suna da masu yi musu magana a Abuja. Yaron tasha wa yake da shi?

A Ingila, laifi ne a sayar da giya ga wanda bai kai shekara 18 ba. Shagon da aka kama sau biyu cikin wata uku ana cin sa tara mai nauyi, ana iya dakatar da lasisinsa. Shi ya sa mai shago yake neman katin shaida kafin ya miƙa kwalba.

Na san wani zai ce ai mu a jihohin shari'a giya haramun ce ga babba da yaro, Hisba ma tana farfasa kwalabe a Kano. Haka ne. Amma leda tana shiga inda motar giya ba ta shiga, kuma wanda ya shayar da ɗan wani laifinsa biyu ne, bai kamata hukuncinsa ya zo daidai da na wanda ya sayar wa baligi ba. Majalisun jihohi su rubuta shi daban: tara mai zafi a karon farko, rufe shago da ɗauri in ya sake, kuma a bi sawun dilan da yake kawo masa kayan.