Don na kai yayana cin tako a bakin titi

Makon jiya yayana ya zo daga Zariya, ya yi kwana tara a wurina a Los Angeles. A dare na uku, bayan mun yi Isha'i, na ce masa, "Yaya, taso mu je ka ga inda nake cin abinci in na tashi daga aiki." Na kai shi wurin wata motar tako da ke tsayawa kusa da wani wurin gyaran taya, inda take kunna fitilunta da zarar masu shagon sun rufe. A tsaye muka ci, faranti a hannu, romo yana bin yatsu. Na ɗora hoton a shafina na sada zumunta. Kafin gari ya waye mutum uku cikin 'yan'uwanmu mazauna ƙasar nan sun bi ni ta bayan fage. Ɗaya ya ce, "Haba malam, babban mutum ya zo daga gida, ka rasa inda za ka kai shi sai bakin titi, wurin 'yan Meziko?" Wannan "wurin 'yan Meziko" ɗin ce ta tsaya mini a wuya, ita ta sa nake wannan dogon rubutu.

Mu da muka tashi a gaban tukubar mai tsire, yaushe cin abinci a bakin titi ya zama abin kunya? Wanne cikinmu ne bai taɓa tsayawa da magariba yana jiran a yanka masa balangu, a barbaɗa yaji, a naɗe a takarda ba? Mai ƙosai, mai waina, mai shayi, mai gurasa bandashe, su suka riƙe cikinmu tun muna 'yan makaranta, kuma har gobe in muka zauna hirar gida su muke fara ambata. Ban taɓa jin wanda ya ce yana kewar abincin otal ba. To mutumin Meziko da ke juya nama a bayan tagar motarsa shi ne mai tsiren unguwarsa, mutanensa kuma suna tsayawa gabansa da irin zumuɗin da muke yi wa namu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, tako ba wani abu ne mai wuya ba. 'Yar faifan gurasa ce ta masara, suna ce mata totiya, faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Ana ɗumama guda biyu a kan ƙarfe mai zafi, a haɗa su don kada romo ya yaga, a zuba yankakken nama, a sa ɗanyar albasa da wani ganye mai ƙamshi da suke kira silantiro, a miƙo maka da yankin lemun tsami. Miyar barkono kuma kai za ka ɗiba da kanka a gefen mota, akwai ja akwai koriya. Shi ke nan. Babu cuku mai yawa, babu latas, babu wannan busasshen ɓawo mai ƙaras-ƙaras da kamfanin Taco Bell, wanda Glen Bell ya kafa a 1962, ya sa duniya ta ɗauka shi ne tako. Wancan abincin Amurkawa ne, mai son sa ya ci, amma a daina haɗa su.

Abin da ya fi burge ni totiyar ce, kuma a nan nake son mutanenmu su ɗan tsaya. Masarar da muke tuwo da ita, muke gasawa da damina, daga ƙasar waɗannan mutane ta fito. Kakanninsu ne suka fara nomanta a kudancin Meziko, shekara kusan 9,000 da suka wuce. Barkonon da ba ma iya cin abinci sai da shi, da tumatirin miyarmu, duk daga nahiyarsu suka iso mana. Amma akwai dabarar da masarar ta baro a can ba ta taho da ita ba. Su ba sa niƙa ta haka nan. Sai sun dafa ƙwayar a ruwan farar ƙasa ko na toka, sun bar ta ta kwana a jiƙe, sun wanke dusar ta fita, sannan su markaɗa ta ta zama ƙulli mai danƙo da ake iya faɗaɗawa ba ya tsagewa. Wannan dahuwa tana kuma sakin wani sinadarin abinci da ke ɗaure a cikin masarar, wanda rashinsa ke kawo cutar fata da ake kira felagira. Cutar ta addabi talakawan kudancin Turai da kudancin Amurka da suka dogara da masara ba tare da sanin dabarar ba. Duk wadda ta taɓa jefa kanwa a tukunyar wake ta san irin aikin da ake nufi. A motar da nake zuwa, wata dattijuwa ce ke zaune tana gutsuro ƙullin tana dannawa a matsi, tana jefawa a wuta ɗaya bayan ɗaya. Yayana ya daɗe yana kallonta, ya ce hannunta irin na masu waina ne.

Da muka zo kan abin sha ma sai da ya yi dariya don mamaki. Manyan tuluna uku na gilashi a jere. Na farko ja wur, suna ce masa hamaika: zoɓo ne, zoɓonmu, furen nan dai da muke jiƙawa. Na biyu tamarindo, wato tsamiya. Na uku fari, orchata, su da shinkafa da kirfa suke yi, amma a ƙasar Sifen, inda sunan ya fito, da aya ake yin sa, kamar kunun ayarmu. Mutum ya tsaya a titin Kalifoniya da tsakar dare yana shan zoɓo mai sanyi daga hannun wanda bai taɓa jin sunan Kano ba, sannan a ce masa ya je wurin bare.

Na san maganar da za a yi: araha ba ta ado. To a nan karin maganar ba ta ci ba. Tako ɗaya dala biyu ne ko uku a inda nake saye, huɗu sun ishi ƙato. Arahar ba daga ruɓaɓɓen nama ta zo ba. Mai mota ba ya biyan hayar babban shago, ba shi da masu kai faranti kan tebur, mafi yawa shi da matarsa da ƙaninsa ne ke aikin. Sannan ba ya zubar da komai na jikin dabba: akwai tako na harshe, na naman kai, na hanji da aka soya ya yi ƙaras. Amurkawa da yawa suna yamutsa fuska in sun ji haka, amma mu da muke layi don farfesun kayan ciki da ganda mun san inda daɗi yake. Na harshen nan, in ya dahu ya yi laushi, ban san abin da zan kwatanta shi da shi ba a cikin abincin garin nan. Kuma kada a ɗauka raini ne ke bin abincin a ko'ina. A 2010 hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiyar Meziko cikin kayan gadon bil'adama, a 2024 kuma masu littafin Michelin, da ke auna manyan gidajen cin abinci na duniya, suka ba wata 'yar rumfar tako a birnin Meziko, El Califa de León, tauraro, alhali a tsaye ake ci a wurin.

Tsafta kuwa, masu duba lafiya na gundumar Los Angeles suna bin motocin nan kamar yadda suke bin gidajen abinci, su manna musu harafin da ke nuna matsayin tsaftarsu a taga. Ina dubawa. Bayan haka idona yana kan hannun mai dafawa tun daga ɗaukar nama har miƙo faranti, abin da ba na samu a gidan abincin da kicin ɗinsa ke bayan ƙofa. Ba na ce duka motocin tsaf suke ba. Na taɓa juyawa na bar wata don na ga mai karɓar kuɗi yana taɓa albasa da hannun.

Akwai magana ɗaya da in aka yi mini ita zan saurara da kyau, ita ce ta halal, kuma abin mamaki cikin mutum ukun nan babu wanda ya tayar da ita. Alade yana da yawa a girkin Meziko. In ka ga nama jajir an tsira shi a ƙarfe a tsaye yana juyawa gaban wuta, da abarba a samansa, za ka ce shawarma ce. Daga shawarma ɗin ya samo asali, 'yan Labanan da suka yi ƙaura zuwa garin Puebla ne suka kawo salon, amma yanzu naman alade ake yi da shi, sunansa al pastor. Karnitas alade ne, choriso alade ne, buche tumbin alade ne. Kitsen alade, manteka, yakan shiga waken da suke damawa da kuma totiyar fulawa. Mafi yawan motoci kuma a kan ƙarfe ɗaya suke soya komai. Ko tako na kifi sai ka tambaya, don wasu da giya suke kwaɓa fulawar da suke tsoma shi. Saboda haka motoci da yawa wucewa nake yi, komai ƙamshinsu. Wadda na kai yayana ba ta taɓa alade, kuma a mahautar Musulmi take sayen namanta, na tambaya tun ranar farko aka nuna mini kwalin. Masu cin naman shanun kasuwa bisa fatawar yankan Ahlul Kitabi, wannan tsakaninsu da malamansu. Abin da zan shaida shi ne ban taɓa tambayar mai mota "akwai manteka?" ya ɓoye mini ba. Wani ma da kansa ya ɗaga hannu ya ce kada in saya, wukarsa ɗaya ce.

Mutanen nan sun sha wuya kafin su tsaya inda suke. Ana yawan cewa Raul Martinez ne ya fara, a 1974, da ya gyara tsohuwar motar sayar da askirim ya ajiye ta a gabashin Los Angeles yana sayar da tako da dare, abin da ya zama King Taco daga baya. Irin waɗannan motoci, da suke kira lonchera, su suka riƙa bin leburori wuraren gini da masana'antu shekara da shekaru, ana yi musu kallon ƙazanta. A 2008 gundumar ta kafa dokar da ta ce motar da ta wuce awa ɗaya a wuri guda, mai ita zai iya biyan tarar dala 1,000 ko ya yi wata shida a kurkuku. Jama'a suka tashi da taken cewa gasasshen nama ba laifi ba ne, alƙali ya soke dokar a shekarar. A ƙarshen 2008 ɗin ce Roy Choi ya fito da motar Kogi, tako da naman salon Koriya, ana bin ta a Twitter, nan da nan cin abinci a mota ya zama gayu. Masu kuɗi suka shigo da motoci masu fenti, 'yan jarida suka yi ta yabo, waɗanda suka share fagen kuwa suna nan ana korarsu daga wannan kwana zuwa wancan. Masu talla a gefen titi ma sai a 2018 Kalifoniya ta yi dokar da ta daina ɗaukar sana'arsu laifin da ake ɗaure mutum a kai. A watan Yunin 2025, da jami'an shige da fice suka bazu a garin nan suna kame, na ga kusurwoyin titi da dama sun yi duhu, wuraren da da ba ka samun inda za ka tsaya. Mutum ya zaɓa tsakanin kuɗin haya da tsoron kada a ɗauke shi a gaban 'ya'yansa.

To mu su wane ne a ƙasar nan? Mu ma baƙi ne, da masu takarda da masu jiran takarda, da masu tuƙin haya da masu kwana a asibiti suna jinyar tsofaffin wasu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Musulmin kudancin Kalifoniya sun gane haka. A 2016 wani mai goyon bayan Trump, Marco Gutierrez, shi kansa haifaffen Meziko, ya fito a talabijin yana tsoratar da mutane cewa in ba a yi hattara ba za a wayi gari da motar tako a kowace kwana. Azumin 2017 sai Rida Hamida da Ben Vazquez suka juya maganar, suka fara kai motar tako na halal ƙofar masallatan gundumar Orange, Musulmi da 'yan Latin suna buɗa baki tare. Ina ganin waɗannan sun fi mu hangen nesa, mu da muke cewa "wurin 'yan Meziko" da taɓe baki.

Kuma in za ka je, don Allah kada ka yi ciniki. Na ga ɗan'uwanmu yana neman ragi a kan tako na dala biyu, mutumin da zai biya dala ashirin a gidan abinci mai kujeru bai ce uffan ba. Wanda ke bayan tagar nan tun rana yake yankan albasa, kuma sai ya wanke mota ya kai ta ma'ajiya kafin ya ga gadonsa. In akwai gwangwani a gefen taga, jefa wani abu.

Yayana ya ci biriya uku, naman da aka dafa da busasshen barkono har ya saki, yana tsoma totiyar a romon. Ya ƙara biyu na harshe. Da za mu tafi ya ce in tambayar masa dattijuwar nawa take zuba farar ƙasa a mudun masara, yana son Yaya Babba ta gwada a gida. Ɗanta ya fassara, ta yi murmushi, ta ɗebo a tafin hannu ta nuna masa. Ranar da zan raka shi filin jirgi ma sai da muka biya, amma lokacin bai yi ba, ba su buɗe ba tukuna.