Kada ka yi wa filash fomatin don kawai kwamfuta ta ce ka yi

Akwai wata shawara da ke ci min tuwo a ƙwarya, kuma kusan duk lokacin da wani ya koka cewa kwamfutarsa ta daina ganin filash ɗinsa sai an ba shi ita: "Ka yi masa fomatin kawai, zai dawo." Fomatin kuwa shi ne a share filash a sake tsara shi fanko. Mai ba da shawarar bai tambayi abin da ke cikin filash ɗin ba, bai tambaya ko akwai kwafi a wani wuri ba. Wataƙila kundin kammala digirin mutum ne a ciki, ko hotunan mahaifinsa da ya rasu, ko lissafin kasuwancinsa na shekara guda. Mutum yana cikin ruɗu, zuciyarsa na bugawa, duk abin da aka ce ya danna zai danna. Ina da yaƙinin cewa fayiloli masu yawa ba lalacewar filash ce ta hallaka su ba, gyaran gaggawa ne.

Kafin ka taɓa komai, ka tambayi kanka: filash ɗin nake so ya dawo aiki, ko abin da ke cikinsa nake nema? Hanyoyin nan biyu sun saɓa wa juna. Sau da yawa dabarar da ke farfaɗo da filash tana goge abin da ke ciki, ita kuma dabarar ceto fayiloli tana buƙatar kada a rubuta ko da harafi ɗaya a kansa. In babu wani abin kirki a ciki, ka yi duk yadda ka ga dama. In akwai, ka ɗan dakata ka ji ni.

Idan ka buɗe filash, abu biyu ne manya a ciki. Akwai cif ɗin ajiya da ake kira NAND, wanda kamfanin Toshiba na Japan ya fito da shi a 1987 bisa aikin Fujio Masuoka, nan bayananka suke kwance. Sai ƙaramin cif mai kula da shige da fice, wato kwantirola, shi ke magana da kwamfuta. Da ka soka filash, kwamfuta ta ba shi wuta, ta tambaye shi ko shi wane ne, ya gabatar da kansa, ta duba yadda aka tsara ajiyarsa, sannan Windows ta ba shi harafi kamar E ko F ya fito a gabanka. A kowane ɗaya daga cikin matakan nan abu na iya tsayawa. Shi ya sa "kwamfuta ba ta ganinsa" ba ciwo ɗaya ba ne, kuma wanda ya ba ka magani ɗaya tak bai san abin da yake faɗa ba.

Fara da kunnenka da idonka. Ka soka shi, ka ji ƙarar nan da Windows ke yi idan an haɗa na'ura? In yana da 'yar fitila, ta kama? Idan shiru ne gaba ɗaya, kada ka zargi filash tukuna. Canza ramin USB da ka soka shi. In kwamfutar tebur ce, ka bar ramukan gaba ka zagaya na baya, domin na baya a jikin babban allon kwamfutar suke kai tsaye, na gaba kuwa da waya aka jawo su. In ta wani abin rarraba ramuka ka haɗa, cire shi. Ramin USB 2.0 wutar da yake bayarwa ba ta wuce miliamfa 500 ba, na USB 3.0 kuma 900, to idan linzamin kwamfuta da madannai da filash duk suna sha daga rami guda, wani zai rasa. Daga nan ka gwada a wata kwamfutar daban, ko a waya ta hanyar mahaɗin OTG, ɗan abin nan da ke haɗa filash da waya. Wannan gwajin mai sauƙi ya fi duk wata manhaja da za ka sauko da ita amfani, domin shi ke raba gardama: laifin kwamfuta ne ko na filash.

Sai ka ɗaga shi wajen haske ka leƙa bakinsa. A filash na USB 2.0 za ka ga 'yan siraran ƙarafa huɗu masu ruwan zinariya a jere, biyun gefe na wuta, biyun tsakiya na bayanai. Sau da yawa audugar aljihu ce ta cushe a ciki, ko datti ya dusashe ƙarafan. Busa da iska da ɗan goge a hankali sun isa. Sannan ka kwantar da shi a kan tebur ka duba wuyansa ta gefe. In ka ga bakin ƙarfen ya ɗan karkace sama ko ƙasa, ko yana motsi idan ka taɓa, to an taɓa buge shi yana jikin kwamfuta, kuma dalmar da ta riƙe ƙafafunsa a jikin allo ta tsage. Irin wannan shi ne wanda sai an danne shi ta wani ɓangare yake kamawa. Ina roƙonka, kada ka yi ta lanƙwasa shi kana neman inda zai kama, kowane motsi yana ƙara yage siraran layukan da ke kan allon. Ajiyar tana nan lafiya lau, wanda ya iya aikin dalma da hannu mai natsuwa zai iya mayar da ƙafafun. Amma in ka ji filash ya ɗauki zafi cikin 'yan daƙiƙu, zare shi nan take, kada ka sake soka shi.

Wani lokaci za ka ji ƙarar, amma sai saƙo ya fito cewa ba a gane na'urar ba. Ka buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke haɗe da kwamfuta, za ka tarar da alamar ruwan ɗorawa kusa da rubutun Unknown USB Device, galibi da lamba 43. Ma'anarsa wuta ta shiga, amma da kwamfuta ta tambaye shi sunansa bai amsa daidai ba. A nan babu laifi ka cire shi daga jerin, ka zare filash ɗin, ka kashe kwamfutar kashewa ta gaske. Na ce ta gaske ne domin tun daga Windows 8 akwai tsarin saurin tashi da ke hana ta mutuwa gaba ɗaya, sai ka riƙe maɓallin Shift yayin da kake danna kashewa. Za ka iya kuma hana Windows katse wutar ramuka don tsimin batir, yana cikin saitin wuta. Abin da ba na so ka yi shi ne sauko da manhajojin nan masu alkawarin sabunta direba, wato 'yar manhajar da Windows ke sarrafa na'ura da ita. Filash ba ya buƙatar direba na musamman, wanda yake aiki da shi yana cikin Windows tun asali. Idan kwamfuta ta biyu ma ta ba da saƙo iri ɗaya, to kwantirolan ne ke ciwo, babu direban da zai warkar da shi.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna. Danna maɓallin Windows da R, rubuta diskmgmt.msc, Disk Management zai buɗe. Duba ƙasa. In ka ga filash ɗinka da girmansa daidai, misali wajen gigabayit 29 ga mai 32, ka yi hamdala, domin cif ɗin biyu duka suna raye. In zanen da ke kansa shuɗi ne kuma babu harafi, ka ba shi harafi kawai, magana ta ƙare. Haka kuma ka tuna inda aka fara amfani da shi: Windows ba ta karanta tsarin APFS na kwamfutocin Apple, ba ta karanta ext4 na Linux, kuma za ta ce maka a yi fomatin alhali lafiyarsa ƙalau a inda ya fito.

In kuwa ka ga an rubuta RAW, wato Windows ba ta gane tsarin ajiyar ba, ko zanen ya zama baƙi, a nan ne saƙon nan mai haɗari kan fito, cewa sai an yi fomatin kafin a yi amfani da shi. Danna Cancel. Abin da ya faru kamar littafi ne da shafin jerin babobinsa ya yage: babobin suna nan cif, hanyar gano su ce ta ɓace. Yawanci zare filash ana tsakiyar rubutu ne ke jawo haka, ko ɗaukewar wuta. Fomatin mai sauri zai shimfiɗa sabon jeri fanko a kan ragowar tsohon, ya sa ceton ya ƙara wuya. Cikakken fomatin kuwa, tun daga Windows Vista, sifili yake rubutawa a kan ajiyar daga farko har ƙarshe, bayan shi babu sauran abin da wani gwani zai tono.

Abin da ya dace shi ne a fara ɗaukar hoton filash ɗin gaba ɗaya, wato a kwafe shi yadda yake zuwa fayil guda a kan kwamfuta, sannan a yi aikin ceto a kan wannan kwafin. A Linux, manhajar ddrescue ta ƙware a wannan, domin tana tsallake wuraren da suka ƙi karantuwa ta dawo musu daga baya. Dalili kuwa shi ne filash mai ciwo ba a san sau nawa ya rage masa a karanta shi ba. Daga nan sai TestDisk, wadda ke iya gyara tsarin ajiyar ko ta nuna maka foldojinka ka kwashe, da abokiyarta PhotoRec, wadda ke bin ajiyar tana tsinto fayiloli ta hanyar gane nau'insu. Christophe Grenier ne ya rubuta su, kuma kyauta ne. PhotoRec ba ta dawo da sunayen fayiloli, za ka sha zaman tantancewa, amma gara wannan wahalar. Sharaɗi guda: duk abin da ka ceto, ka adana shi a wani wurin, ba a kan filash ɗin da kake ceto daga gare shi ba. Umarnin chkdsk na Windows mai gyara kurakuran ajiya ma da ake yawan ambata, ni ba na son a fara da shi. Ba ya aiki a kan RAW, a inda yake aiki kuma rubutu yake yi a kan ajiyar, yana iya datsa fayilolinka ya mayar da su gutsattsari marasa suna.

Mafi muni shi ne ka ga filash ya fito amma an rubuta No Media, ko girmansa ya zama sifili. Kwantirola yana amsa kira, amma ya kasa isa ga ajiyar. A nan gaskiya ɗaya ce: babu manhajar ceto da za ta yi maka komai, domin ba ta ganin abin da za ta karanta. Za ka ci karo da masu cewa ka nemo manhajar masana'anta ka sake loda wa kwantirolan tsarinsa. Tana iya tayar da filash ɗin, amma fanko zai tashi. In bayanan suna da daraja, masu sana'ar ceto bayanai kan cire cif ɗin ajiyar su karanta shi kai tsaye da na'ura ta musamman. Aikin na da tsada, ya fi wuya a ƙananan filash ɗin nan da aka narkar da komai nasu cikin dunƙule ɗaya, kuma nasararsa ta dogara ga cewa ba a yi ta jagwalgwala shi ba kafin a kai.

Akwai wasu halaye da ke kama da mutuwa amma ba ita ba ce. Filash ya buɗe, babu komai ko sai gajerun hanyoyi, wato shortcut, amma ya nuna a cike yake: wannan bairos ne ya ɓoye fayilolin, kada ka danna gajerun hanyoyin nan, ka wanke shi da manhajar tsaro sannan a Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, ka shiga harafin filash ɗin, umarnin attrib -h -r -s /s /d ya fito da su. Wanda kuma yake buɗewa amma ya ƙi karɓar rubutu, in ba maɓallin kulle ne da shi a gefe ba, sau da yawa kwantirolan ne ya lura ajiyar ta gaji ya kulle ta don ya kare abin da ke ciki. Kada ka ɓata lokaci wajen neman cire kullen, kwashe kayanka a ranar.

Bayan fayilolinka sun tsira, ka buɗe su ka tabbatar suna aiki, to a lokacin ne fomatin ya halatta. Wajen fomatin ka zaɓi tsarin ajiya na exFAT in kana ɗaukar manyan fayiloli, tunda tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabayit 4. Sannan ka gwada shi da H2testw, wadda ke cika shi da bayanai ta sake karantawa. Ita ce ke tona asirin filash na jabu, wanda aka sa kwantirolansa ya yi ƙaryar girma, ya ce shi gigabayit 128 ne alhali 8 ne, ya yi ta karɓar fayiloli yana lalata su. In gwajin ya nuna kuskure ko da kaɗan ne, ka rabu da filash ɗin. In ya wuce lafiya, ka ci gaba da ɗaukar kaya da shi daga wannan kwamfuta zuwa waccan, amma kada ya zama shi kaɗai ne wurin da abu mai muhimmanci yake, domin cajin lantarki ne ke riƙe da bayanai a cikin NAND, kuma cajin yana tsiyaya a hankali ko da filash ɗin yana ajiye ba a taɓa shi. Kuma duk da cewa tun daga Windows 10 ta 1809 an saita filash a kan cirewar sauri, wato a iya zare shi ba tare da danna Eject ba, in fitilarsa na ƙyaftawa ko kwafi bai kammala ba, ka jira, ka danna Eject, sannan ka zare.