Gaisuwata da aka ɗauka share fagen roƙo ne

Shekara biyu da 'yan watanni ke nan ina zaune a Kuala Terengganu, wani gari na bakin teku a gabashin Malesiya, inda karatu ya kawo ni daga Zariya tare da maiɗakina da yaranmu biyu, kuma a duk tsawon zaman nan babu abin da ya sosa mini rai kamar wata 'yar magana da aka faɗa mini cikin ladabi ranar wata Juma'a. Mai gidan da nake haya dattijo ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana su a teku, gidansa na jingine da nawa, kuma kowa Pak Cik yake ce masa, wato kamar a ce kawu ko baffa. Tun da na fara tsintar yarensu na ɗora wa kaina gaishe shi yadda aka koya mana gaida na gaba. Nakan rusuna in tambayi kwanansa, da iyali, da gajiya, da ƙafar da ke damunsa, da yadda ya ji da ruwan jiya, shi kuwa sai ya yi murmushi ya amsa da kalma ɗaya ko biyu. Ran nan da muka sauko daga masallaci sai ɗansa, wanda yake jin Turanci, ya ja ni gefe ya ce mahaifinsa ya damu, yana so ya san ko akwai wata buƙata da nake jin nauyin faɗa, kuma idan kuɗin haya ne ya yi mini yawa, za a iya ɗaga mini ƙafa na wata guda. Ashe duk watannin nan dattijon yana sauraron gaisuwata ne yana jiran in iso kan roƙon da ke bayanta.

Na yi godiya, na ce lafiya lau, na shige gida jikina a sanyaye. Na san alheri suka nufa, domin ba kowane mai gida ba ne zai fara zancen ɗaga ƙafa tun ba a roƙe shi ba. Duk da haka maganar ta kwana tana cina, kuma tun daga ranar na fara kallon garin da wani ido dabam.

Garin dai yana da kyau, wannan ba abin musu ba ne. Yana zaune ne a daidai inda kogin Terengganu yake zubawa cikin Tekun Kudancin Sin, tafiyar fiye da kilomita 400 daga Kuala Lumpur, kuma a bakin kogin akwai wata gada da aka buɗe a 2019 wadda tsakiyarta ke ɗagawa sama idan babban jirgin ruwa zai wuce. Akwai masallacin da aka yi da ƙarfe da gilashi a kan wani ɗan tsibiri, Masjid Kristal, wanda aka buɗe a 2008, da dare yana walƙiya a kan ruwa, sai baƙi su yi ta ɗaukar hoto. Da safe mutane kan yi layi su sayi nasi dagang, shinkafa ce da aka turara da madarar kwakwa ana zuba mata miyar kifi, da yamma kuma su zauna a bakin gaɓar Batu Buruk suna cin keropok lekor, wani curin niƙaƙƙen kifi da garin sago (wani irin sitaci) da ake soyawa a tsoma a yaji mai zaƙi. Kusan komai nasu da sukari a ciki, har miya, kuma har yau harshena bai yafe musu wannan ba. A kasuwar Pasar Payang mata ne ke riƙe da yawancin rumfuna, suna sayar da busasshen kifi da atamfar batik da wani yadi mai zaren zinariya da suke kira songket. Allunan shaguna na ɗauke da rubutun Jawi, wanda ɗan'uwan ajaminmu ne, don haka karatun allon da na yi a zauren unguwarmu yakan ba ni damar karanta su tiryan-tiryan ba tare da na fahimci ko kalma ɗaya ba. Ranakun hutu a wannan jiha Juma'a ne da Asabar, Lahadi kowa na wurin aiki. A masallaci mazhabar Shafi'i suke bi, liman na bayyana bisimilla, ana ɗaga hannu a yi alƙunutu a bayyane da asuba, kuma sai da na yi makonni kafin in daina yin sujada ni kaɗai alhali sahu na tsaye.

Abin da ba ya fitowa a hoto shi ne laima. Daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da hunturu ke fasa mana leɓe a gida, nan ruwa ake yi wanda kan kwana uku ko huɗu bai ɗauke ba, teku ta yi ta haushi, a kafa jan tuta a bakin gaɓa, ƙananan jiragen masunta su zauna a tudu, masaukan baƙi na tsibirin Redang su rufe. Wanki ba ya bushewa. Hulunan da na zo da su sun yi fumfuna a cikin akwati, babbar rigata ta shadda ta saki kamar ba a taɓa buga ta ba, kukar miya ta dunƙule, kilishin da aka yi mini tsaraba bai kai mako biyu ba ya canja wari. Iskar gishiri ta cinye sarƙar babur ɗina da tsatsa. A kwatar bayan gida kuwa wani guza ne ke shawagi wanda ya kai tsawon yaro, ba mai kula shi.

Dole in faɗi gaskiya game da abin da ke riƙe mutane a nan. Tun zuwana ban sayi jarkar ruwa ko ɗaya daga mai kura ba, ban kuma ji ƙarar janareta a unguwa ba. Na taɓa mantawa da makulli a jikin babur a ƙofar kanti har na tsawon awa biyu, na dawo na tarar da shi yadda na bar shi. A wata damina da ruwa ya shigo layinmu, matar Pak Cik ɗin nan da kanta ta rataye mana kwanon abinci a ƙyauren gida ta juya ba ta ko ƙwanƙwasa ba. Akwai 'yan Arewa da yawa a jami'o'in garin, kuma wasunsu idan muka haɗu sukan ce wanda ya ɗanɗani wannan kwanciyar hankali ya koma gida da son ransa, to a duba lafiyarsa. Ba na iya yi musu gardama da hujjar famfo ko ta lantarki, domin a nan sun fi ni gaskiya.

Sai dai kwanon nan da aka rataye ba sallama shi ne ainihin abin da nake magana a kai. Mutanen nan suna da kirki, amma kirkinsu ba ya son tsayawa hira, yana kunyar ya ɓata maka lokaci. Gaisuwarsu ita ce a taɓa hannu a kai ƙirji, a tambaye ka ko ka ci abinci, a wuce. Ni kuwa na tashi a inda fita daga gidanmu a cikin birni zuwa Ƙofar Doka, tafiyar da ba ta kai ta minti goma ba, kan ci rabin awa, saboda akwai dattawan da ke kan dakali, da mai shayi, da tela, da abokin Baba wanda sai ya ji lafiyar kowa a gidan ɗaya bayan ɗaya kafin ya sake ka. A wancan lokaci ina ƙorafi, musamman idan ina sauri in sami motar Samaru. Yanzu na gane cewa da wannan doguwar gaisuwa unguwa take ƙirga mutanenta kowace safiya. Idan aka ce maka ina gajiya ka amsa da murya ƙasa-ƙasa, kafin azahar an aiko yaro ya duba ka. Idan ba a ga mutum a sahun asuba kwana biyu ba, an san inda za a je. Na yarda akwai masu doguwar gaisuwa don maula, kuma duk wanda ya taɓa karɓar albashi a Zariya ya san irin gaisuwar da ke zuwa a ƙarshen wata, amma ko a nan ɗin ma ai mai roƙon ya san sunan mahaifinka. A Terengganu zan iya kwanciya ciwo mako guda fanka na juyawa, famfo na zuba, ba wanda zai lura, don ba wanda ya saba jin muryata kullum balle ya ji ta canja.

Abin ya fi damuna ta wajen yara. Tsakaninmu da gida awa bakwai ne, saboda haka idan Inna ta idar da sallar asuba ta zauna lazimi, mu nan rana ta take, kuma ranar Asabar a wannan lokaci muke kiranta. Makon da ya wuce na miƙa wa babban ɗana waya, shekararsa shida, ya yi sallama da kyau, ta ce masa ina kwana, ya amsa, ta ce ina gajiya, sai ya juyo ya dube ni ya ce, “Abba, ai ban gaji ba.” Inna ta yi dariya har da tari, ta ce, “Bar mini maigidana, zai koya idan ya dawo.” Yaron ya iya sumbatar hannun malamarsa yadda yaran nan ke yi, ya iya ƙirga kuɗi da ringgit, ya san lokacin da teku ke janyewa a tsinci ƙaguwa, amma bai san ana cewa ba gajiya ba ko da an gaji, kuma bai taɓa ganin hazo ya rufe dutsen Kufena ba. Da na karɓi wayar Inna ta tambaye ni ruwa, ta tambayi karatu, ta tambayi mai gidan hayar da ƙafarsa, domin na taɓa ba ta labarinsa sau ɗaya watanni da suka wuce, ta ce in gaishe shi da kyau in ce tana yi masa sannu.

Har yanzu ban isar da saƙon ba. Saura mini kimanin shekara guda in kammala, kuma jiya maiɗakina ta sake kawo zancen wani aiki da aka ce zan iya nema a nan bayan karatu. Na ce mata bari damina ta wuce tukuna.