Makarantun Mishan a Kaduna: Ana Rigima Kan Suna, An Manta Da Firamare

Maganar mayar wa cocin Katolika makarantun da gwamnatin soja ta karɓe a farkon shekarun 1970 ta ƙi mutuwa a Kaduna, kuma abin takaici, duk cacar bakin a kan suna da fili take ƙarewa. Kowa ya san St. John's ce ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta Kakuri kuma ta koma Queen Amina. To ina firamaren da ke ciyar da su da ɗalibai? Ita ba mai tambayarta.

Ba sunan waliyyi a bakin ƙofa ne ya gyara firamaren mishan ba, sa ido ne. Fada, wato limamin cocin Katolika, shi ne manaja: shi ke biyan albashi, shi ke faɗowa aji ba sanarwa, ya buɗe rajista ya ƙirga yara. Hedimasta ya duba shirin darasin kowane malami, ya sa hannu da jan biro kafin a ɗauki alli. Malamin kuwa kwalejin horon malamai ta mishan ce ta yaye shi, gidansa kusa da makaranta, yaro ya yi fashin kwana biyu sai ga malam yana sallama a ƙofar gidansu.

Da aka karɓe, ginin ya tsaya, mai sa idon ya tafi. Shirin UPE na 1976, wato ilimin firamare kyauta ga kowa, ya kwararo yara, aka cike azuzuwa da malaman da aka horar a gaggauce. Mun ga inda abin ya kai a 2017, lokacin da malaman firamare sama da 21,000 a jihar nan suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu.

Masu cewa makarantun tarkon sauya addini ne, su je su tambayi dattawan Musulmin da suka yi karatu a can, waɗanda har yau suke sahun gaba a masallaci.

Masu neman a mayar ma ba su tsira ba. 'Ya'yan leburorin jirgin ƙasa da na ma'aikatan masaƙa ne suka cika bencinan nan a da. Yau kuɗin zango a makarantun addini masu zaman kansu da dama ya fi ƙarfin mai tuƙa Keke Napep, balle mai sayar da kayan miya. Ɗan wa za a koyar ke nan? In har za a mayar, a rubuta sharaɗi baƙi da fari: gurbin ɗan talaka, Musulmi ko Kirista, da sake buɗe kwalejojin horon malamai tun kafin a taɓa allon da ke bakin ƙofa.