An raba talaka da teku, ku daina ce mana ci gaba ne

Wanda ya shigo ƙarƙashin hoton Bar Beach, tsohon wurin shaƙatawa na bakin tekun Legas, da na saka ya rubuta wai "Baba, a bar tuna baya, duniya ta ci gaba", ina so ya karanta wannan har ƙarshe. Ban goge maganarsa ba, na bar ta kowa ya gani. Yaro, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne an raba talaka da teku a Legas, kuma ana so mu yi tafi.

Mu da muka tashi a Obalende da Idi-Araba da Agege mun san abin da ake kira washegarin Sallah. A cika bas ɗin molue maƙil, a sauka Obalende, a ƙarasa bakin ruwa. Ba ƙofa, ba tikiti, ba mai tambayar ka kai ɗan waye. Iyayenmu mata su shimfiɗa tabarma su buɗe kular shinkafa da soyayyen naman layya. Masu dawaki, da yawansu 'yan uwanmu ne daga Arewa, su ɗora yaro a sirdi su zaga da shi yana ihu yana dariya. Ga mai tsire, ga mai kwakwa yana sara da adda, ga mai hoto da kyamara rataye a wuya, ga makaɗa, can gefe kuma 'yan cocin fararen kaya suna kaɗa ƙararrawa, ba mai takura wa wani. Baƙo in ya zo daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, kafin a kai shi ko'ina sai an kai shi ya ga ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa. Wasu har kwalba suke cikawa su kai gida tsaraba. Ɗan dako da babban sakatare rairayi ɗaya suke takawa. Wannan shi aka ƙwace.

Za ku ce ai teku ne ya cinye wurin. Na sani, na ga ruwa ya malale titin Ahmadu Bello Way da idona. Amma me ya jawo? Katangun duwatsun da Turawan mulkin mallaka suka zuba a mashigar tashar jiragen ruwa wajen 1908 zuwa 1912, su suka tare rairayin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma, Bar Beach ya dinga zaizayewa shekara da shekaru. An zo an yi ganuwar dutse, an cike teku da yashi, an kafa sabon birnin Eko Atlantic a wurin. Ganuwar ta tare ambaliya, ban musa ba. To a duk faɗin filin nan da aka samu, an rasa ɗan yankin da za a ware a ce wannan na jama'a ne, kowa ya shigo kyauta?

Wani kuma ya ce wurin matattarar 'yan iska ne, har 'yan fashi ake harbewa a can. Eh, a nan aka ɗaure ɗan fashin nan Oyenusi jikin durom a 1971. Gwamnati ce ta zaɓi wurin, ba masu zuwa yawon Sallah ba. In wuri ya lalace gyara shi ake yi, a sa masu tsaro da masu ceton wanda ruwa ya ja.

Ku duba yadda abin ke tafiya a sauran wuraren shaƙatawa na bakin teku. Kuramo, an rushe shi a 2012. Tarkwa Bay, sojojin ruwa suka kori mazauna a Janairun 2020. Landmark, wanda ma na kuɗi ne, katafila ta bi ta kansa a 2024 saboda titin Legas zuwa Kalaba. Abin da ya rage ta wajen Lekki kusan duk da ƙofa da mai karɓar kuɗi. Magidanci mai 'ya'ya shida ya biya na shiga, ya biya na ajiye mota, ya biya na rumfa, wani wurin ma a hana shi shiga da abincinsa. Da wane albashin? Akwai yaran da aka haifa a Legas, suna shaƙar iskar teku kullum, ƙafarsu ba ta taɓa taɓa ruwansa ba. Wallahi wannan ke hana ni barci.

Turawan da kuke kafa mana hujja da su ba haka suka yi da nasu ba. Gadar shaƙatawa ta Southend a Ingila, wadda ta kutsa cikin ruwa fiye da kilomita 2, ta sha gobara a 1976 da 2005, kullum sai an gyara. Jirgin yawon shan iska Waverley, da ya fara aiki a 1947, fam 1 aka sayar wa masu son adana shi a 1974, har yau yana ɗaukar mutane. Mu ina Baba Kekere da Ita Faji, jiragen ruwan zamanin Gwamna Jakande da muke shiga daga Mile 2 zuwa Marina, rabi don tafiya rabi don daɗi?

Kuma kada mutanenmu na gida su ce wannan matsalar Legas ce. Otal ɗin tafkin Bagauda da ake zuwa hutu da iyali a Kano yanzu makarantar horar da lauyoyi ce. Dam ɗin Tiga da Audu Bako ya gina, yaushe rabon da wani a cikinku ya kai 'ya'yansa can ranar Sallah? Ku ba ni amsa a ƙasa, musamman Kanawa.