Murhun da muka gada daga uwa

Jiya da yamma na tashi daga aji ina haɗa takarduna, sai wani ɗalibina ya biyo ni har bakin ƙofa. Yaro ne mai natsuwa, ba ya cikin masu tambaya don a gan su. Ya ce, "Malam, don Allah wannan mitokondiriya da muke ta haddace zanenta tun sakandare, idan mun je asibiti a ina za mu gamu da ita?" Magariba ta kawo jiki, na ba shi amsar tsaye na wuce. Amma tambayar ta kwana da ni, shi ya sa na zo nan in amsa ta a zaune, don na san ba shi kaɗai ke da ita ba.

Ga wanda bai taɓa shiga ajin kimiyya ba: jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne jingim, kuma a cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu 'yan murahu, a wata ɗaruruwa, a wata dubbai. Su ne mitokondiriya. Tuwon da ka ci da iskar da ka shaƙa a can suke haɗuwa, a ƙona suga da kitse a fitar da wani sinadari da ake kira ATP, wanda da shi zuciya ke bugawa, ido ke gani, kunne ke ji. ATP ɗin da jikin baligi ke sarrafawa a kwana guda ya kai kusan nauyin jikin nasa. In murhun ya samu matsala, gaɓoɓin da suka fi cin wuta su ke fara kokawa: ƙwaƙwalwa, jijiyar gani, cikin kunne, zuciya, tsoka, da ƙwayoyin da ke samar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini.

Mutumin da nake so in ba ku labarinsa Douglas Wallace ne, masanin gado Ba'amurke, haifaffen 1946. Ya yi digirin farko a Jami'ar Cornell, ya kammala digirin digirgir a Yale a 1975. A zamanin da ya shiga bincike, hankalin masana gado kaf yana kan DNA ɗin da ke tsakiyar ƙwayar halitta, wato sinadarin da aka rubuta kusan dukkan gadon mutum a jikinsa harafi-harafi. An san tun 1963 cewa mitokondiriya ma tana da nata ɗan DNA, don wasu masana biyu, Margit Nass da Sylvan Nass, sun hango shi a birnin Stockholm. Sai dai ƙaramin abu ne sosai. Da aka karance shi baki ɗaya a Kembirij ta Ingila a 1981, haruffa 16,569 aka samu, ɗauke da ƙwayoyin gado 37, alhali na tsakiya haruffansa sun kai biliyan uku. Wa zai ba da rayuwarsa ga allura a gefen tsauni? Wallace ya bayar.

Aikinsa na farko yana burge ni har yau saboda sauƙin dabararsa. Akwai maganin taifod da manyanmu suka sani, kuloramfenikol. Yana kashe ƙwayoyin cutar bakteriya, yana kuma taɓa mitokondiriya, domin ita ma asalinta bakteriya ce da ta shige cikin wata ƙwaya tun fil azal ta zauna. Wallace da abokan aikinsa suka samu ƙwayoyin halittar mutum waɗanda maganin ba ya yi musu komai, suka zare musu DNA ɗin tsakiya, suka haɗe ragowar da wasu ƙwayoyin da maganin ke kashewa. Sai waɗannan ma suka daina mutuwa. Ke nan juriyar ba ta biyo ta tsakiya ba, ta cikin mitokondiriya ta zo. Wannan a 1975 ne. Babu majinyaci ko ɗaya a cikin wannan labari, faranti ne kawai da ruwan gwaji. Da a teburin ba da kuɗin bincike irin namu ne, tambayar farko da za a yi masa ita ce irin ta ɗalibina.

Ya koma Stanford yana koyarwa, kuma a 1980 shi da ɗalibansa suka bi jinin iyalai suka tabbatar da cewa ɗan Adam daga uwarsa kaɗai yake gadon DNA ɗin mitokondiriya. Ƙwan mace na ɗauke da kwafinsa sama da 100,000, maniyyi kuwa ƙalilan yake zuwa da su, su ma a rushe su bayan an samu ciki. Mu da muke jingina ɗa ga ubansa, sunan uba, gidan uba, garin uba, to murhun da ke dafa mana ƙarfin jiki kayan ɗakin uwa ne. Ita ta gada daga tata uwar, haka har sama. Namiji yana karɓa amma ba ya miƙawa, a kansa zaren yake tsinkewa.

Sai 1988, yana Jami'ar Emory a Atlanta, abin ya isa gadon asibiti. Akwai wata makanta da wani likitan ido Bajamushe, Theodor Leber, ya bayyana tun 1871. Saurayi lafiyayye, ƙarfinsa ya kawo, sai tsakiyar ganin ido ɗaya ya dushe ba ciwo ba rauni, bayan makonni ko watanni ɗayan ya bi. Maza ta fi kamawa, amma makahon ba ya ba 'ya'yansa, 'ya'yan 'yar'uwarsa ake gani da ita. Sama da shekara ɗari likitoci na kallon wannan tsari sun rasa gane kansa. Wallace ya nuna cewa harafi ɗaya ne ya sauya, a gurbi na 11778 na wancan ɗan DNA da aka raina. A shekarar dai, a Landan, Ian Holt da Anita Harding da John Morgan-Hughes suka gano gutsurewar DNA ɗin mitokondiriya a jikin masu wani ciwon raunin tsoka. Daga nan ƙofa ta buɗe.

Ku ƙirga daga 1975 zuwa 1988. Shekara goma sha uku mutum na bin tambaya ɗaya kafin ta taɓa majinyaci. Zan dawo kan wannan lissafi, don shi ne ya sa ni rubutun nan.

Ciwon suga ya shigo a 1992. Ɗakin binciken Wallace ya ba da rahoton wani dangi da suga da kurumta ke bin tsatson uwa, aka samu DNA ɗin mitokondiriyarsu ya rasa wani babban yanki. A shekarar, masu bincike a Leiden ta ƙasar Holan suka samu irin wannan ciwo a wani dangin, su kuma harafi ɗaya ne ya sauya a gurbi na 3243. Yadda abin yake: ƙwayoyin da ke sakin insulin sai sun ƙona sugan da ya shigo musu, ATP ya ƙaru, sannan su gane cewa an ci abinci. In murhunsu ba ya ci sosai, suga zai cika jini su kuwa ba su da labari. Masu irin wannan suga galibi ba su da ƙiba, yana kama su kafin shekara 40, sau da yawa jin kunne ya riga ya fara ja baya, kuma ba a daɗe ba sai sun koma allurar insulin. Likitoci ma sukan yi taka-tsantsan da ba su metfomin, maganin da aka fi fara ba masu suga da shi. Inda aka yi ƙidaya, a Turai da Japan, bai wuce kusan mutum ɗaya cikin ɗari na masu suga ba. Amma ka je asibitin masu suga ranar layi ka ƙirga kawunan da ke kan benci, sannan ka ce mini ɗaya cikin ɗari ba komai ba ne.

Ina yaro akwai wani gida a layinmu. Uwar gidan sai an matso kusa da ita an ɗaga murya, in kuma tana daka ba ta san an yi sallama ba sai ta ga inuwa. Siririya ce, ba ta rabo da butar ruwa a gefenta. 'Yarta ta fari ta taso haka, wani ɗanta namiji ma ya fara juyo da kunne ɗaya in ana magana tun bai yi aure ba, daga baya aka ce shi ma suga ne. Ƙaramarsu kuwa garau. Mutanen layi suka ce iska ce, wasu suka ce sammu ne na kishiya. Ba a taɓa yi musu gwajin gado ba, don haka ba zan ɗora musu sunan cuta ba. Amma ranar da na fara karanta rahoton 1992, gidan nan ne ya faɗo mini a rai, na ajiye takardar na yi shiru. Har bambancin da ke tsakanin 'ya'yan yana da bayani: uwa kan ɗauki lafiyayyen DNA da mai tawaya a gauraye, kamar buhun gero da aka zuba wa tsakuwa, kowane ɗa da irin kwanon da aka ɗebo masa. Wani ya samu tsakuwa kaɗan ya rayu bai sani ba, wani ta yi masa yawa.

A nan dole in ja kunne, don na san halinmu. Kada wani ya ɗauki wannan ya je gida ya ce wa matarsa ita ta jawo wa 'ya'yansa. Ba ta zaɓa ba, ita ma haka ta karɓa, kamar yadda babu uban da ya zaɓi jinin sikila da ya ba ɗansa. Kuma mafi yawan ciwon sugan da ke damunmu ba wannan ba ne, yana bin ɓangaren uwa da na uba duka, ƙiba da zaman wuri ɗaya da abin da muke ci suna da babban rabo a ciki.

Ba duk abin da Wallace ya faɗa nake bi ba. A shekarunsa na baya, a Irvine ta Kalifoniya daga 2002, sannan a asibitin yara na Filadelfiya daga 2010, ya tafi a kan cewa raunin mitokondiriya ne ke ƙarƙashin yawancin cututtukan da suka addabi mutane, daga suga zuwa tsufa da mantuwa, har ma cewa bambancin wannan DNA tsakanin al'ummomi sabo ne da sanyi ko zafin ƙasarsu. Masana da dama ba su gamsu ba, ni ma ina ganin ya zurfafa. Akwai dai abin dubawa. Rukunin wani mai bincike, Gerald Shulman, a Yale sun auna matasa marasa ƙiba, 'ya'yan masu suga, waɗanda jikinsu ya fara ƙin jin insulin, suka samu aikin mitokondiriyar tsokarsu ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, suka wallafa a 2004. Amma ko raunin ne ke kawo ciwon, ko ciwon ne ke kawo raunin, har yau ana jayayya. Wanda ya shekara hamsin da abu ɗaya a hannu zai iya fara ganinsa a ko'ina. Wannan aibi ne da na yarda da shi, amma na fi son sa a kan namu.

Namu shi ne ba ma zama da tambaya. Na cike takardar neman ƙarin girma ba sau ɗaya ba, abin da ake nema a cikinta adadi ne: maƙala nawa, taro nawa, a wace shekara. Babu layin da ke tambayar me kake nema, ko me ka gano da ba a sani ba a da. Sai mutum ya koyi yanka bincike ɗaya gida huɗu. Bana ganyen kaza a jikin ɓera, baɗi saiwar kaza a jikin ɓera, kowanne an ce ya sauke suga, babu wanda aka bi aka ga ta wace hanya, babu wanda ya kai ga mutum. Ni ma na yi irinsa, kuma ba na alfahari da shi. Na san uzurinmu, kuma gaskiya ne: wuta ba ta zama, firjin ajiye samfur ya narke a dare ɗaya aikin shekara ya tafi, sinadarai sai an yi odarsu da dala, aji ɗaya ɗalibi ɗari uku. Wallace bai taɓa sayen man janareto daga aljihunsa don ya ceci samfurinsa ba. Amma rashin wuta ba shi ya hana mu riƙe tambaya ɗaya ba. Ma'aunin da muke auna junanmu da shi ne ya hana, kuma mu malaman jami'a mu ne ke zama a kwamitocin da ke riƙe da ma'aunin.

Abin da ya fi ci mini rai, babban makamin Wallace a 1980 da 1988 iyalai ne. Dangi mai yawa, kaka da 'ya'yanta da jikokinta, a zana su a takarda a ga inda ciwo ya bi. Masu bincike a Turai sukan sha wahala kafin su samu irin wannan dangi. Mu kuwa gida ɗaya sai ka samu mutum arba'in, ga tsohuwa da za ta lissafa maka zuri'a har hawa biyar ba ta yi tuntuɓe ba. Gidan da ke da mata biyu ko uku ma gwaji ne da Allah ya shirya: uba ɗaya, tukunya ɗaya, ɗakuna daban. In ciwo ya tsaya a ɗaki ɗaya bai tsallaka ba, mai ido ya ga hanya. Kuma Afirka ce ta fi ko'ina yawan rassan wannan DNA, amma abin da aka rubuta game da cututtukansa galibi daga jinin Turawa da mutanen gabashin Asiya aka samo shi.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. A 1993 aka gano cewa masu sauyin harafi a gurbi na 1555 na iya kurumcewa har abada in an yi musu allura irin su jentamaisin ko sitireftomaisin, ko da an bi ƙa'idar awo. A Turai kusan mutum ɗaya cikin 500 na ɗauke da shi. Kowa ya san yadda ake tsira wa yara jentamaisin a kemis na unguwa da zarar jiki ya yi zafi. Tambaya ɗaya kafin a zuƙo allurar, ko a dangin uwar yaron akwai wanda ya kurumce bayan allura, ba ta cin ko sisi.

Da safen nan na aika wa ɗalibin nan saƙo na ce ya same ni ranar Litinin da babban littafi mai layi. Zan nemi izinin asibiti da na kwamitin kula da ɗa'ar bincike, in an ba mu, za mu riƙa zama a gefen layin masu suga, duk wanda ya yarda mu tambaye shi shekarunsa lokacin da ciwon ya fara, yadda jin kunnensa yake, da labarin mahaifiyarsa da 'yan ɗakinsu. Ya amso da cewa, "To Malam, har zuwa yaushe?" Na ce masa ya sayo littafin mai kauri.