Waya Ba Ta Ɗaga Kanta

Ranar Talatar da ta wuce, da la'asar sakaliya, ina kan babur a titin Zariya a nan Kano, wata mota ta goge wani Adaidaita Sahu ya kife a gabanmu. Cikin fasinjojin akwai wata dattijuwa, sa'ar mahaifiyata. Ta faɗi a gefen kwalta, zaninta ya kwance, mayafi ya yi nasa wuri, jini na zuba daga goshinta tana ta salati. Kafin in kafe babur in ƙarasa, samari sun fi goma sun kewaye ta. Na ɗauka agaji suka kawo. Ashe kowa wayarsa ya ɗaga yana ɗauka! Wata mai suyar awara ce ta taso a guje ta lulluɓe baiwar Allahn nan da gyalenta.

Bidiyon ya riga ni isa gida. Na tarar da shi a zauren WhatsApp na unguwarmu, wani har ya ɗora masa kiɗa, ana ta tura fuskokin dariya. Da na yi magana, wani ƙanena ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, zamani ne. Soshiyal midiya ce ta zo da haka."

Ƙannena, wannan amsar ta fi bidiyon ƙona mini rai. Wace soshiyal midiya? Ita ta zaro wayar daga aljihunku? Ita ta matsa kusa don fuskar tsohuwar ta fito sosai? Laifi tudu ne, mun take namu muna hango na waya.

Ban ce kamfanonin nan wankakku ba ne. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida, aka gano akwai lokacin da kamfanin ke ba alamar fushi da 'yan'uwanta maki biyar, alamar "like" kuwa maki ɗaya, wajen zaɓar abin da zai tura wa mutane. Ke nan abin da ya tayar da hankali shi ke saurin yaɗuwa, su kuma suna cin kuɗin talla. Wannan gaskiya ne. Amma mai sayar da wuƙa daban, wanda ya daɓa wa ɗan'uwansa daban. Gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wata bakwai cur. Zagi ya ragu? Tona asiri ya tsaya? Wasu suka bi ta VPN, wato manhajar da ke zagaye toshewar, sauran suka kwashe kayansu suka koma wata kafar. Hali zanen dutse ne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan ɗauka da turawa. An sami hatsari, a ɗauka. Mata da miji sun yi faɗa a tsakar gida, maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ɗauka. Mai taɓin hankali ya tuɓe a kasuwa, a ɗauka. An kama yaro da satar kaza ana jibga, a ɗauka. Kuma wanda ya tura bai fi wanda ya ɗauka tsarki ba, ko da ya rubuta "Innalillahi" a ƙasa. A 2018, lokacin rikicin Filato, binciken BBC ya nuna wani mummunan bidiyo da aka yi ta yaɗawa ana cewa a jihar aka yi, ashe daga Kongo Brazabil ne tun 2012. An tare hanya an kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Magana zarar bunu ce, balle hoto.

Kuma da kuɗin wa ake wannan aikin? Saurayi ya kai shekara ashirin da biyar, uwarsa na sayar da ƙuli-ƙuli, shi yana roƙonta kuɗin data, rabi ya tafi cacar ƙwallo, rabi a kallon tsiraicin mutane. Ka kira sallah yana cewa bari ya gama. Wannan ma wata maganar ce.

Mun taso a gidajen da in mace ta faɗi maza kawar da kai suke yi, a kira mata su kama ta. In an yi rasuwa, dattijo ake nema ya je har gida, ya zauna, ya yi gaisuwa, ya jawo ayar haƙuri, sannan ya faɗa a hankali. Yau uwa na buɗe waya ta ci karo da hoton gawar ɗanta a "status" ɗin abokinsa, tun ba a kai shi asibiti ba. Ina kara ta tafi? Ina kunya? A makarantar allo aka karantar da mu cewa wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa Allah zai rufa nasa, kuma Suratul Hujurati ta kamanta giba da cin naman ɗan'uwa matacce. Duk mun haddace, sai dai ya tsaya a baki.

Ku ji tsoron Allah, ku riƙe hannuwanku. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, ba ka tsaya ɗaukar hoto ba.

Jiya da daddare na sake ganin bidiyon a wayar wani a majalisarmu, an maimaita wurin da zaninta ya kwance har sau uku. Dattijuwar nan tana da 'ya'ya, tana da jikoki, kuma su ma suna da waya.